Lazaro Kardenas (1895–1970): Rayuwarsa da Gwagwarmayar Mayar da Man Fetur na Meziko Hannun Ƙasa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin rayuwar Janar Lazaro Kardenas, shugaban ƙasar Meziko daga 1934 zuwa 1940, wanda ya karɓe masana'antar man fetur daga hannun kamfanonin ƙetare a ranar 18 ga watan Maris, 1938. An duba haihuwarsa da ƙuruciyarsa da aikinsa na soja, sannan aka tsaya a kan ƙarancin man da yajin aikin 1937 ya haddasa, da takunkumin da ya biyo bayan karɓe kamfanonin, da kuma saɓanin da ya shiga tsakaninsa da ma'aikatan mai a 1940. Maƙalar ta gano cewa mallakar ƙasa ta warware matsalar wanda yake da iko a kan arziki, amma wadatar mai a gidajen mai ta dogara ne a kan matatu da hanyoyin dako da ƙwararrun ma'aikata da riƙon amana. Kardenas ya fahimci wannan bambanci tun yana kan mulki.

Fitilun Kalmomi: Kardenas, Meziko, man fetur, ƙarancin mai, mallakar ƙasa, tarihin rayuwa

1.0 Gabatarwa

Rubutun tarihin rayuwa a harshen Hausa ya fi karkata ga sarakuna da malamai da mawaƙa da 'yan siyasar gida. Hakan kuwa ya dace, domin su ne al'umma ta sani, ta kuma rayu tare da su. Sai dai akwai mutanen wasu nahiyoyi waɗanda rayuwarsu ta taɓo tambayar da Bahaushe yake yi wa kansa duk lokacin da ya kwana a layin mai, ko ya sayi galan a hannun 'yan bumburutu: idan man na ƙasa ne, me ya sa ake shan wahalarsa? Wasu na ganin maganin abin shi ne gwamnati ta tsame hannunta ta bar wa 'yan kasuwa. Wasu kuwa na ganin sakin arzikin ƙasa ga 'yan kasuwa shi ne mafarin wahalar.

Wannan muhawara ta girmi rijiyar mai ta farko a Nijeriya. An yi ta a Meziko tun shekarun 1930, kuma mutumin da ya yanke hukunci a kanta shi ne Lazaro Kardenas. Matakin da ya ɗauka ya riga na Iran a 1951, ya kuma riga kafa ƙungiyar OPEC a 1960. Manufar wannan maƙala ita ce kawo tarihinsa, tare da nuna abin da matakin nasa ya iya yi da abin da bai iya ba.

2.0 Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Lazaro Kardenas ranar 21 ga watan Mayu, 1895, a garin Jiquilpan da ke jihar Michoacan a yammacin Meziko. Mahaifinsa, Damaso Kardenas, masaƙi ne wanda daga baya ya buɗe ɗan kanti. Sunan mahaifiyarsa Felicitas del Rio. Lazaro shi ne babba a cikin 'ya'ya maza na gidan. Karatunsa bai wuce na firamare ba, kuma tun yana yaro ya fara aiki a ofishin haraji na garinsu, sannan ya koyi aikin ɗab'i. Da mahaifinsa ya rasu a 1911, nauyin gida ya dawo kansa yana ɗan shekara 16.

Ya taso ne a ƙarshen mulkin Porfirio Diaz, wanda ya riƙe ƙasar sama da shekara talatin, inda gonaki suka tattaru a hannun 'yan tsiraru, ma'adanai da jiragen ƙasa kuma suka koma hannun baƙi. Juyin juya halin da ya ɓarke a 1910 ya kawar da Diaz, amma a watan Fabrairun 1913 Janar Victoriano Huerta ya kifar da zaɓaɓɓen shugaba Francisco Madero, aka kuma kashe shi. A wannan shekara ce aka buga wata takardar 'yan tawaye a maɗaba'ar da Kardenas yake aiki. Da sojojin gwamnati suka gano, sai ya gudu ya shiga rundunar 'yan juyin juya hali yana ɗan shekara 18.

3.0 Aikin Soja da Zamansa a Yankin Mai

A 1915 Kardenas ya haɗu da Plutarco Elias Calles a jihar Sonora, wanda ya zama ubangidansa a soja da siyasa. Ya kai muƙamin birgediya janar a 1920 yana ɗan shekara 25. An san shi da ƙarancin magana, da kuma ƙyamar kashe fursunonin yaƙi, abin da ya zama ruwan dare a wancan zamani. A tawayen 1923 an ji masa rauni aka kama shi, amma waɗanda suka kama shi suka yi masa magani suka sake shi.

Daga 1925 zuwa 1928 aka tura shi ya shugabanci rundunar yankin Huasteca, a gaɓar tekun gabas, wato cibiyar haƙar mai. Domin fahimtar abin da ya gani a can, sai an koma baya kaɗan. A zamanin mulkin Sifaniyawa, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na sarki ne. Dokar ma'adanai ta 1884 ta sauya haka, ta ba mai fili ikon man da ke ƙarƙashin filinsa. Wannan ya buɗe ƙofa ga Ba'amurke Edward Doheny, mai kamfanin Huasteca, da Baturen Ingila Weetman Pearson, mai kamfanin El Aguila, wanda ya sayar wa Royal Dutch Shell a 1919. A 1921 Meziko ta haƙo kimanin ganga miliyan 193, ta zama ta biyu a duniya bayan Amurka. Kusan duk wannan mai waje ake fita da shi.

Kundin tsarin mulkin 1917, a sashe na 27, ya mayar da albarkatun ƙarƙashin ƙasa mallakar al'umma. Kamfanonin suka ƙi yarda dokar ta shafi filayen da suka samu kafin lokacin, gwamnatocinsu kuma suka mara musu baya. Shugabannin Meziko na shekarun 1920 sun yi yunƙuri, amma kullum sai su ja da baya saboda matsin lambar Amurka. Kamfanonin kuwa suka karkata jarinsu zuwa Benezuwela, har haƙar mai a Meziko ta faɗi zuwa kimanin ganga miliyan 33 a 1932.

A Huasteca, Kardenas ya tarar da kamfanoni suna da dogarawansu masu makamai, suna tare hanyoyi yadda suka ga dama. Baƙin ma'aikata suna zaune a unguwanni masu ruwa da wuta, 'yan ƙasa kuwa suna cikin bukkoki ga sauro ga zazzaɓi, kuma ladansu bai kai na baƙon da suke aiki iri ɗaya da shi ba. Marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa kamfanonin sun aika masa da kyautar kuɗi da sabuwar mota, ya mayar musu. A can ne kuma abotarsa ta yi ƙarfi da Janar Francisco Mugica, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara kundin 1917.

4.0 Daga Gwamna Zuwa Shugaban Ƙasa

Kardenas ya yi gwamnan Michoacan daga 1928 zuwa 1932, inda ya raba wa manoma gonaki, ya buɗe makarantun karkara. A 1932 ya auri Amalia Solorzano, suka haifi ɗansu Cuauhtemoc a 1934. Ya riƙe shugabancin jam'iyya mai mulki da ministan cikin gida da ministan yaƙi. A wannan lokaci Calles ya sauka daga mulki, amma shi ne yake naɗa shugabanni yana juya su daga bayan fage. Da aka tsayar da Kardenas takara, mutane da yawa sun ɗauka shi ma ɗan amshin shata zai zama.

Ko da yake nasararsa ba ta cikin shakka, ya zagaya ƙasar a mota da jirgin ƙasa da kan doki, har ƙauyukan da ba su taɓa ganin ɗan takara ba. Ya hau mulki a watan Disambar 1934 yana ɗan shekara 39. Ya ƙi zama a fadar Chapultepec, ya rage albashinsa, ya rufe gidajen caca, ya kuma ware lokacin da talaka zai buga masa waya ta tangaraho kyauta ya kai kukansa. Talakawan jiharsa suka sa masa laƙabin Tata, wato Baba. Da Calles ya fito yana sukar yadda ya bar ma'aikata suna yajin aiki, sai Kardenas ya sauya ministoci da kwamandojin soja, sannan a watan Afrilun 1936 ya sa aka ɗora tsohon ubangidan nasa a jirgin sama zuwa Amurka, ba tare da zubar da jini ba.

A shekara shida ya raba kimanin hekta miliyan 18 na gonaki, ya mayar da jiragen ƙasa hannun gwamnati a 1937. A fagen duniya, gwamnatinsa ta yi tir da mamayar da Italiya ta yi wa Habasha, wanda saboda shi ne ake da dandali mai sunan Meziko a Addis Ababa. Ta kuma karɓi dubban 'yan gudun hijirar yaƙin basasar Sifaniya.

5.0 Yajin Aikin 1937 da Ƙarancin Mai

A 1935 ƙananan ƙungiyoyin ma'aikatan mai suka dunƙule suka zama ƙungiya ɗaya ta ƙasa. A ƙarshen 1936 suka nemi yarjejeniyar aiki guda da za ta hau kan dukkan kamfanoni, wadda ta ƙunshi ƙarin albashi da aikin sa'a 40 a mako da kula da lafiya da gidaje. Bayan watanni ana tattaunawa ba a daidaita ba, sai suka tsunduma yajin aiki ranar 28 ga watan Mayu, 1937.

Cikin 'yan kwanaki mai ya ƙare a gidajen mai na babban birni da sauran garuruwa. Motocin haya suka tsaya, masana'antun da ke aiki da baƙin mai suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ƙasar da ta yi shekaru tana cika jiragen ruwa da mai ta wayi gari ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wannan ƙaranci ya nuna wa gwamnati cewa mai ya tashi daga hajar da ake karɓar haraji a kanta kawai, ya zama abin da sufuri da masana'antu da noma suka rataya a kansa. Duk wanda ke riƙe da famfon, yana iya tsayar da ƙasa. Kardenas ya roƙi ma'aikata su koma aiki su kai ƙara hukumar sasanta rikicin ƙwadago, suka amince ranar 9 ga watan Yuni.

Hukumar ta naɗa kwamitin mutum uku, cikinsu har da masanin tattalin arziki Jesus Silva Herzog, domin ya binciki littattafan kuɗin kamfanonin. Rahoton da suka miƙa a watan Agusta ya nuna cewa kamfanonin suna ɓoye riba, kuma suna sayar wa 'yan ƙasa mai da tsada fiye da yadda suke sayarwa a waje. Ya kuma tabbatar da cewa suna iya biyan ƙarin kimanin peso miliyan 26 a shekara. Hukumar ta yanke hukunci bisa wannan rahoto ranar 18 ga watan Disamba. Kamfanonin suka ɗaukaka ƙara, a lokaci guda kuma suna kwashe kuɗinsu daga bankunan ƙasar. Ranar 1 ga watan Maris, 1938, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, amma kamfanonin suka ce ba za su bi ba.

6.0 Daren 18 ga Watan Maris, 1938

Daga nan magana ta tashi daga batun albashi ta koma batun ko hukuncin kotun ƙasa yana hawa kan baƙo. A kwanakin ƙarshe kamfanonin sun yarda su biya kuɗin, amma bisa sharuɗɗan da suka saɓa wa hukuncin. Kardenas ya riga ya yanke shawara, ya kuma ɗora wa Mugica rubuta jawabin da zai yi wa al'umma. Ya yi la'akari da cewa Turai tana dab da yaƙi, kuma shugaba Franklin Roosevelt na Amurka ya ɗauki manufar kyautata maƙwabtaka, saboda haka da wuya a turo masa sojoji.

Da misalin ƙarfe 10 na daren 18 ga watan Maris ya sanar ta rediyo cewa gwamnati ta karɓe rijiyoyi da matatu da bututu da sauran kadarorin kamfanoni 17, bisa sashe na 27 da dokar karɓe kadarori ta 1936, tare da alkawarin biyan diyya cikin shekara goma. Washegari ma'aikata suka karɓi ragamar wuraren aiki.

Ranar 23 ga wata dubun dubatar mutane suka cika babban dandalin birnin Meziko domin nuna goyon baya. A watan Afrilu mata suka yi layi a fadar Bellas Artes suna ba da zobba da 'yan kunne da kekunan ɗinki, matan ƙauye kuma suna kawo kaji, domin a biya diyya. Har cocin Katolika, wanda ya daɗe ba ya ga maciji da gwamnatocin juyin juya hali, ya amince a yi karo-karo a majami'u. Abin da aka tara bai kai ko'ina ba idan aka kwatanta da bashin, amma ya nuna wa kamfanonin cewa babu ɓarakar da za su shiga ta cikinta. Janar Saturnino Cedillo ya yi tawaye a watan Mayu, aka murƙushe shi. Ranar 7 ga watan Yuni aka kafa kamfanin mai na ƙasa, wato Pemex.

7.0 Takunkumi da Faɗi-Tashin Wadata Ƙasa da Mai

Kamfanonin sun yi hasashen cewa ba za a daɗe ba za a roƙe su su dawo. Sun janye injiniyoyinsu da jiragen ruwansu na dako, suka hana a sayar wa Meziko kayan gyara, suka kuma riƙa shigar da ƙara a tashoshin ruwan Turai cewa man Meziko kayan sata ne. Baitulmalin Amurka ya dakatar da yarjejeniyar sayen azurfar ƙasar. Darajar peso ta faɗi daga 3.60 a kan dala ɗaya zuwa kusan 5. A watan Mayu hulɗar jakadanci da Birtaniya ta yanke, ba ta dawo ba sai 1941.

Babbar barazana ita ce mai ya yanke a cikin gida, domin da layukan 1937 sun dawo, da goyon bayan jama'a ya narke. Tsofaffin ma'aikata da suka yi shekaru a ƙarƙashin baƙi suka hau kujerun shugabanninsu, makanikai suka riƙa ƙera kayan gyara daga tsofaffin ƙarafa, ma'aikatan jirgin ƙasa kuma suka ɗauki nauyin kai mai garuruwa. An kuma hana ƙasar wani sinadarin dalma da ake zubawa a fetur a wancan zamani domin inji ya yi aiki lafiya. Ingancin fetur ya ragu, har sai da masana kimiyyar ƙasar suka gano yadda za su haɗa sinadarin da kansu. An sha wahala, amma ƙasar ba ta tsaya ba.

Sayar da mai a waje ya fi wuya. Da kasuwannin Amurka da Birtaniya suka rufe, sai Meziko ta koma musayar mai da kayayyakin Jamus da Italiya. Wannan tabo ne a tarihin Kardenas, domin gwamnatinsa ce ta kai ƙorafi gaban ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan lokaci a kan haɗiye Ostiriya da Jamus ta yi, kwana ɗaya tak bayan karɓe kamfanonin. Yaƙin Duniya na Biyu ya rufe wannan kasuwa, amma shi ne kuma ya tilasta sulhu. Kamfanin Sinclair ya karɓi dala miliyan 8.5 a 1940. A 1942 aka daidaita da sauran kamfanonin Amurka a kan kimanin dala miliyan 24, ban da kuɗin ruwa. El Aguila ya amince da kimanin dala miliyan 81 a 1947, aka gama biyansa a 1962.

8.0 Saɓaninsa da Ma'aikatan Mai

Wani ɓangare na tarihinsa da ba a cika ambata ba shi ne rikicinsa da ƙungiyar da ya tsaya wa. Shugabannin ma'aikata sun so a miƙa musu tafiyar da masana'antar baki ɗaya, kamar yadda aka yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa a 1938. Kardenas ya ƙi, bisa hujjar cewa man na al'umma ne duka, har da manomin da bai taɓa ganin rijiyar mai ba. Cikin shekara biyu yawan ma'aikata da kuɗin albashi suka ƙaru, alhali cinikin waje ya ragu. A farkon 1940 ya gabatar da tsarin garambawul wanda ya ƙunshi rage ma'aikata da soke muƙaman da ba su da amfani. Da ƙungiyar ta ƙi, sai hukumar kamfanin ta kai ta gaban hukumar sasantawar nan da ta hukunta baƙi, aka kuma ba kamfanin gaskiya.

Wannan ya nuna cewa a wurinsa karɓe kamfani somin-taɓi ne. Kamfanin gwamnati da ba ya iya biyan kuɗin gyaran matatarsa zai jefa jama'a cikin ƙarancin da aka karɓe shi domin a kauce masa. Sai dai shi ma yana da nasa alhakin. Jam'iyyar da ya sake wa fasali a 1938 ta ɗaure ƙungiyoyin ma'aikata da na manoma a jikin gwamnati, kuma wannan tsari ne ya ba ta damar riƙe mulki har shekarar 2000. A ƙarƙashinsa ne shugabannin ƙungiyar ma'aikatan mai suka zama masu sayar da guraben aiki da cin kwangila.

9.0 Rayuwarsa Bayan Mulki da Rasuwarsa

Kardenas bai nemi zarcewa ba. Ya goyi bayan Manuel Avila Camacho, mai sassaucin ra'ayi, maimakon amininsa Mugica, kuma zaɓen 1940 ya gudana cikin tashin hankali da zargin maguɗi. Ya miƙa mulki a watan Disamba. A watan Mayun 1942 jiragen yaƙin Jamus na ƙarƙashin ruwa suka nutsar da jiragen dakon mai biyu na Meziko, ƙasar ta shiga yaƙi, aka kuma naɗa shi ministan tsaro har zuwa 1945.

Daga 1947 ya shugabanci hukumar raya kwarin kogin Tepalcatepec, daga baya kuma ta kogin Balsas, yana gina madatsun ruwa da hanyoyi da makarantu a yankunan talakawa. Ya goyi bayan juyin juya halin Kyuba, ya yi adawa da yaƙin Amurka a Biyetnam, ya kuma riƙa neman a saki fursunonin siyasa a gida, ko da yake bai taɓa fita daga tsarin da ya gina ba. Ya rasu a birnin Meziko ranar 19 ga watan Oktoba, 1970, sakamakon cutar daji, yana da shekara 75. Ranar ta yi daidai da cika shekara 25 da rasuwar Calles, kuma gawarwakinsu biyu suna kwance a ginin tunawa da juyin juya hali.

10.0 Abin da Ya Bari

Baƙi sun gina matatu da bututu a bakin teku domin fitar da mai, alhali yawancin jama'a suna zaune a tsaunukan tsakiyar ƙasa. Aikin Pemex na farko shi ne juyo da masana'antar ta fuskanci gida, kuma buɗe matatar Salamanca a 1950 yana cikin wannan aiki. Mai mai araha ya taimaka wa bunƙasar masana'antun Meziko na kusan shekara talatin. Amma riƙe farashi a ƙasa ya hana kamfanin tara jarin neman sababbin rijiyoyi, har a farkon shekarun 1970 ƙasar ta koma shigo da ɗanyen mai.

Gano manyan rijiyoyi a kudu da cikin teku, musamman Cantarell, ya sauya lamarin. Haƙar mai ta kai kimanin ganga miliyan 3.4 a rana a 2004. Gwamnatoci suka mayar da Pemex saniyar tatsa, yana samar da kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu, matatu kuma suna lalacewa. Ƙasar ta koma sayen yawancin fetur ɗinta daga Amurka. A 2013 aka gyara kundin tsarin mulki aka sake buɗe wa kamfanoni masu zaman kansu ƙofa, kuma masu goyon baya da masu adawa duk da sunan Kardenas suka kafa hujja. A watan Janairun 2017 ƙarin farashi ya jawo zanga-zanga. A Janairun 2019 gwamnati ta rufe bututu domin yaƙi da ɓarayin mai, layuka suka dawo a jihohi da dama, kuma gobarar wani fasasshen bututu a Tlahuelilpan ta kashe mutum 137.

Mai karatu a Nijeriya zai ga kamanni. Kamfanin Shell da aka karɓe wa El Aguila yana cikin haɗin gwiwar da ta samu izinin neman mai a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1930, ta kuma same shi a Oloibiri a 1956. Dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa ƙasa man da ke ƙarƙashinta, aka kafa kamfanin mai na ƙasa a 1971, ya zama NNPC a 1977. Nijeriya ta bi hanyar karɓar hannun jari maimakon korar kamfanoni, in ban da kadarorin BP da ta karɓe a 1979. Matatunta huɗu, har da ta Kaduna da aka buɗe a 1980, an gina su ne domin tace ganga 445,000 a rana, amma sun shafe shekaru ba sa aiki yadda ya kamata. Hanyoyin ƙasashen biyu sun bambanta, amma inda ɗakin yake yoyo ɗaya ne: tacewa da dako da farashi da amana.

11.0 Kammalawa

An ga yadda ɗan masaƙi da bai wuce firamare ba ya tashi daga maɗaba'a zuwa shugabancin ƙasa, ya kuma karɓe kadarorin manyan kamfanonin duniya da suka ƙi bin hukuncin kotun ƙasarsa. Ƙarancin man 1937 ne ya nuna masa haɗarin barin abin da rayuwar jama'a ta dogara a kansa a hannun waɗanda ba sa jin maganar doka. Ya yi nasara domin ya bi matakan shari'a ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi lokacin da ya dace, ya amince da biyan diyya, kuma jama'a ba su zarge shi da neman abin kansa ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna iyakar wannan nasara. Doka tana iya mayar da rijiya mallakar ƙasa a dare ɗaya, amma gyaran matata da horar da injiniya da tsare bututu da hana hannu shiga asusu aiki ne na kowace shekara, kuma kowace gwamnati sai ta yi nata. Saboda haka, duk mai kafa hujja da Kardenas a muhawarar mallakar mai, ya kamata ya haɗa da Kardenas na 1940, wanda ya nemi kamfanin ƙasa ya riƙe kansa, tare da na 1938 wanda ya karɓo shi. Akwai buƙatar manazarta Hausa su faɗaɗa rubutun tarihin rayuwa zuwa irin waɗannan mutane, domin mai magana da Hausa ya samu damar auna matsalar da ke damunsa da abin da ya faru ga wasu, cikin harshensa.